Zakaran Kawu a Gonar Aladu

Tun da Kawu ya sauka a Amirka nake cewa zan je in gaishe shi. Ya zo sanyi bai gama wucewa ba, ga shi har ganyen itatuwa ya yi ja ya fara zuba, ƙafata ba ta taka inda yake ba. A waya kam muna gaisawa. In na tashi daga aiki ina jiran bas a Germantown sai in kira shi, in tambayi idonsa da aka yi wa aiki, shi kuma ya tambayi maigidana da yara, mu yi sallama. Ba nisa ne ya hana ni zuwa ba. A gonar aladu yake zaune.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi kaɗai ya rage a ɗakinsu. Mutanen wani ƙauye ne a kudancin Kaduna, dukkansu Kiristoci. Mahaifiyata ce ta musulunta ta auri mahaifina a Zariya, a can aka haife mu. 'Yar Kawu, wato taubashiyata, ta riga ni zuwa ƙasar nan. Ta yi karatun jinya, ta auri wani baƙar fatar Amirka da ya ci gadon gona a bayan Upper Marlboro. Kakanninsa taba suke nomawa a wurin, da noman taba ya mutu sai gidan ya koma kiwon aladu. Tun ranar da na ji haka, duk lokacin da ta gayyace ni sai in ce aiki. Aikin kuwa akwai shi, tsofaffi nake kula da su a gidajensu, amma dai ba kullum ba ne.

Wata ranar Laraba sai ga kiran Kawu, shi da kansa.

"Uwata," ya ce. Haka yake kirana tun ina ƙarama, wai da kakarmu nake kama. "Likita ya sallame ni. Ƙarshen wata zan koma gida."

"Kai, Kawu! Da wuri haka?"

"Da wuri? Ni da na gaji da zaman kujera. Ki saurara. Ina so ki zo ki ci abinci a hannuna, ba gaisuwar tsaye ba. Tun da yayata ta rasu ake magana a gida, wai 'ya'yanta na Zariya ƙyamarmu suke yi, ko ruwanmu ba sa sha. Ni ina musantawa, amma da baki kawai. Ina so in na koma in ce da idona na gani, wannan idon da Turawa suka gyara."

Na ce to, in Allah ya yarda ranar Asabar.

"Ku zo ke da maigidanki. Na ajiye masa aiki."

Na yi dariya, don na zaci fartanya yake cewa zai miƙa masa.

Maigidana tasi yake tuƙawa. Da farko ya ce zai kai ni, ranar Juma'a kuma ya ce ya sami wanda zai kai Baltimore ya jira shi ya dawo da shi, yini guda ne. Ko da gaske hakan ta faɗo, ko shi ya nemo ta, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Na kasa zama wuri ɗaya ranar. Na fitar da atamfa na mayar, na ɗauko tsohuwar abaya wadda ba zan ji zafin jefar da ita ba, sai kuma na ga in Kawu ya gan ni da ita zai gane. Na sa darduma a leda, na ƙara wata ledar a kai. Har tunanin ɗaukar azumin nafila ya zo mini, in je in ce ina azumi, ba wanda zai ce na ƙi abinci. Na ɗan ji sanyi a raina da wannan dabarar, kafin na tuna ai abin da ya kira ni a kai ke nan. In na je da azumi, gara ban je ba.

Da safe na hau bas, na shiga jirgin ƙasa, muka bi ta ƙarƙashin Washington har tasha ta ƙarshe. A can taubashiyata take jirana a cikin wata a-kori-kura mai laka har ƙofa. Tana hango ni ta danna ham.

"Lale da Ustaziya! Yau za a yi ruwa da ƙanƙara."

"Ke dai ba ki girma. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Shigo mana, me kike leƙe? Buhun dusa ne a baya, ba mutanen gidan ba. Su ba sa zama a gaba, ba su da lasin."

Na shiga na zauna a bakin kujera, jakata a cinya. Ta dube ni ta kwashe da dariya.

"Jingina, baiwar Allah. Jiya na sa aka wanke kujerar nan saboda ke. Ina angon naki?"

"Aiki ya riƙe shi."

Dariyarta ta tsaya. Ta ce, "Baba ya sani?" Na ce ai zan ba shi haƙuri in mun isa. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta kunna mota kawai. Wannan shirun nata ya bi ni duk hanya. Muka bar manyan tituna, gidaje suka fara nisa da juna, ga gonakin masara an girbe, ga tsofaffin rumbunan taba na katako sun karkace. Ni kuwa ina ta juya abin a raina: me na yi? Ko wani abu aka dafa na maza? Ko Kawu zai ce maigidana ne mai ƙyamar, shi ya hana ni zuwa duk watannin nan?

Warin ne ya fara tarbar mu tun kafin mu ga gidan. Ba zan iya kwatanta shi ba, ba irin na turken shanu ba ne, yana da wani tsami da yake manne wa mutum a maƙoshi. Na ja bakin mayafina zan rufe hanci, na tuna tana kallona, na sake shi. Aladun ƙauyen su Kawu da na sani ina yarinya ƙanana ne, baƙaƙe, suna yawo a bayan gida. Waɗannan kuwa manya ne kamar maruƙa, jajaye-jajaye, kunnuwa sun rufe musu ido. Suna cikin wani fili da aka kewaye da waya, suna tonon ƙasa da hanci. Wata uwa tana kwance a gefe, 'ya'yanta sun yi layi a cikinta suna ta tsuwa. Mijin taubashiyata yana cikinsu da bokiti, dogon mutum, takalmin roba har gwiwa. Ya ɗago ya dafa ƙirji ya ce, "Sannu, sannu!" Na ga alama an riga an gaya masa kada ya miƙo mini hannu. Na amsa, ina tattare bakin zanena, ina duban inda zan sa ƙafa.

Kawu yana zaune a baranda da hular sanyi da jibgegiyar riga. Ya rame, amma idon ya washe. Na durƙusa a gabansa na gaishe shi, ya dafa kaina, ya tambayi yara, ya tambayi 'yan'uwana na Zariya ɗaya bayan ɗaya. Duk yana tambayar yana leƙen bayana, wajen motar.

"Ina maigidan? Ko yana gyara fakin?"

"Kawu, ya ce a ba ka haƙuri. Aiki ne ya taso masa."

Ya dubi 'yarsa, ita kuma ta dubi ƙasa.

"To wa zai yanka?" ya ce.

Sai a lokacin na gane aikin da ya ajiye. A ƙarshen barandar akwai wani keji na waya, an ɗora shi a kan bulo, ciki wani jan zakara ne ƙato yana ta zagaye. A kan tebur kusa da Kawu ga sabuwar wuƙa, ko daga kwalinta ba a cire ta ba.

Da na tsaya na yi tunani tun ranar Laraba da na gane, don abin ba baƙo ba ne a wurina. Muna yara, duk Kirsimeti mahaifinmu yakan kai mu ƙauye. Akuyar da za a ci a gidan su Kawu ba a sa mata wuƙa sai ya iso, shi zai yanka, don mu ma mu ci daga tukunya ɗaya da kowa. Akwai shekarar da motarmu ta lalace a hanya, ba mu isa ba sai bayan la'asar. Muka tarar mutane sun dawo daga coci tun hantsi, shinkafa ta dahu ta huce, yara suna kukan yunwa, akuya kuwa tana ɗaure a gindin mangwaro tana cin ganye. Kawu ya hana kowa taɓa ta. Haka gidan yake, in Musulmin dangi zai ci, wuƙar Musulmi ce za ta yanka. Bai zo Amirka ya manta ba. Ni ce na manta.

"Tun yana ɗan tsako nake kiwonsa," in ji Kawu. "Da na ga ya fara bin aladun nan yana tsince musu abinci sai na kulle shi. Masara kawai yake ci da ruwa mai kyau. Mahaifinki ne ya taɓa gaya mini haka ake yi."

Taubashiyata ta ce, "Baba, ba wani abu ba ne. Akwai shagon halal a hanyar Mitchellville, in je in sayo kaza yanzu in dawo."

"Kazar shago ta gidana ce? In koma in ce musu ta zo ta ci kazar shago?"

"To ta ci tuwon acca da miyar kuɓewa, ba nama. Sabuwar tukunya na saya, takardar kanti ma tana jikinta."

Na yi caraf na ce, "E, Kawu, wallahi tuwon ma ya isa. Ni dama nama bai dame ni ba."

Kawu ya juya yana kallon kejin.

Na ce bari in kira maigidana. Na sauka daga barandar na koma bayan mota, inda iska ba ta kawo warin sosai. Sai da na yi ta kira kafin ya ɗauka, ina jin ƙarar titi a bayansa.

"Lafiya? Ina da fasinja."

Na gaya masa a gurguje. Na ce ko zai iya biyowa in ya sauke mutumin.

"Daga Baltimore? Sai dai ku ci da magariba. Ke ki yanka mana."

"Ni? Mace?"

"Mace tana yanka. Ya halatta in ta iya. Ki fuskanci alƙibla, ki yi bisimilla, ki yanke maƙogwaro da jijiyoyin nan biyu, shi ke nan."

"Ka tabbata? A wurin wa ka ji? Ni tun da nake ban taɓa ganin..."

"Hajiya, 'yan sanda a gabana. Sai anjima."

Ya kashe. Na tsaya riƙe da waya. Karatuna na boko a firamare ya tsaya, na allo ma ban yi nisa ba, abin da na sani na addini a kunne na tsince shi, shi ya sa kullum nake tsoron akwai wani sharaɗi da kowa ya sani ban da ni. A gidanmu in ba namiji a gida, kaza takan kwana da ranta, ko a leƙa waje a kira wani mai wucewa. Na nemo lambar malamar da take mana karatu ranar Lahadi, na sa yatsa zan danna, sai na tuna za ta tambaye ni ina nake. Ban gaya wa kowa a cikin matan karatun inda zan je ba. Na mayar da wayar jaka, na sake fito da ita, na sake mayarwa. Wani alade ya matso jikin waya yana huci, yana kallona da ɗan ƙaramin idonsa, na ja da baya har na taka laka.

Da na dawo barandar, Kawu ya riga ya miƙe tsaye da sandarsa.

"Ba zai samu zuwa ba ko?"

"Yana da nisa, Kawu."

"To ba komai. Allah ya kai mu wani lokacin." Ya dubi 'yarsa. "Buɗe masa kejin ya tafi. Ya gaji da kurkuku shi ma."

Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Wane wani lokacin? Mutumin da zai hau jirgi ƙarshen wata, wanda ko tsayuwa sai da sanda? Taubashiyata ta nufi kejin, ta sa hannu a sakata.

"Tsaya," na ce. "Ni zan yanka."

Ta juyo. "Ke? Ke da kike gudun kyankyaso?"

"Maigidana ya ce ya halatta."

Kawu ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Uwata, kada ki yi abin da addininki ya hana saboda ni. Wannan ba na so."

"Bai hana ba." Na faɗa da ƙarfi, don ni ma in ji.

Daga nan komai ya zama da sauri, ni kuwa ina ta neman abin da zai ja lokaci. Na ce sai na yi alwala. Ban san ko ana buƙata ba, amma na yi. Na ce a wanke wuƙar, aka ce sabuwa ce, na ce duk da haka. Na ce a ba zakaran ruwa ya sha, don na tuna mahaifina yana yin haka. Kawu ya sa surukinsa ya haƙa ɗan rami a kan ciyawa a gefen gida, wurin da jini zai zuba, mutumin ya haƙa ya koma nesa ya cire hularsa ya tsaya.

Saura alƙibla. Kawu ya nuna da sanda ya ce, "Ga gabas can, inda rana take fitowa. Kullum ina ganinta daga tagata."

Na ce a ƙasar nan ba gabas sak ba ce, sai an karkata wajen arewa. Na buɗe wayata, kibiyar ta yi ta rawa, ina juyawa tana juyawa, har ta tsaya. Na ɗaga kai in ga inda ta nuna. Garken aladun ne, daidai tsakiyarsa, inda uwar nan take kwance.

Taubashiyata ta riƙe ciki. "Wayyo Allah! Ustaziya, wayarki ma taubashiyarki ce."

"Ki yi mini shiru, don Allah. Kawu, mu koma bayan gida."

"Ko bayan gida kika koma suna nan a gabanki, gini ne kawai ya shiga tsakani," in ji Kawu. "Tsakaninki da Makka akwai teku, akwai abin da ya fi alade. Ki yi abinki."

Ya ba 'yarsa sandar, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya haɗa ƙafafun zakaran ya danne, ya kama fikafikan da ɗaya hannun, ya kwantar da shi a bakin ramin. Hannunsa da nake gani yana rawa in ya ɗauki kofi, a nan ko motsi bai yi ba. Ya ce in kama kan, in ja shi baya kaɗan, in tsige gashin wuyan don wuƙa ta sami hanya. Wuyan yana da ɗumi, ina jin bugun jininsa a yatsuna. Zakaran ya ƙifta ido. Na ce a raina in na ƙara tsayawa ba zan yi ba. Na sa wuƙar na ja.

Jini ya yi tsartuwa har hannun rigata. Kawu ya riƙe shi sai da ya rage shure-shure, sannan ya sake shi ya ƙarasa a kan ciyawa. Na miƙe. Nan take wani abu ya faɗo mini.

"Kawu! Na yi bisimilla kuwa?"

"Kin yi."

"Ka ji da kunnenka? Ko a zuci na yi? Ni ban tuna ba."

"Uwata, har aladun sun ji. Dubi, duk sun ɗago kai."

Taubashiyata ta ce, "Ihu kika yi, ba bisimilla ba. Mijina ya zaci yatsa kika yanke." Ta ɗauki zakaran ta ƙafa ta yi kicin da shi.

Na so in bi ta in tsaya a kan tukunyar, in ga cokalin da za ta sa da soson da za ta wanke kwano da shi. Na kai har bakin ƙofa. Ta nuna mini tukunyar da takardarta, da sabon ludayi, da faranti na takarda, ta ce, "Kin gani? To fita, kada ki sa mini ido in ƙona miya." Na fita. Na wanke hannun rigata a famfon waje, na wanke takalmina, na sake wanke hannun rigar. Azahar ta yi, Kawu ya ce in shiga ɗakinsa, ba mai shiga da takalmi. Na shimfiɗa darduma tsakanin gadonsa da akwatin da ya fara haɗa kaya a ciki. Ko a cikin sallar hankalina bai zauna ba, ina jin gurnaninsu ta taga, ina tunanin ko lakar da na taka ta taɓa bakin zanena.

A baranda aka kawo abincin. Tuwon acca ne fari, da miyar kuɓewa, naman zakaran kuma a wani kwano dabam, ya sha yaji. Rabona da tuwon acca tun mahaifiyata tana da rai. Mijin taubashiyata ya yi wanka ya sake kaya, ya zauna a can gefe da cokalinsa. Kawu ya rufe ido ya yi addu'arsu, ni na yi tawa a zuci. Sai ya jawo kwanon naman, ya tona da cokali, ya ɗauki ƙundu ya sa a farantinsa, ya sake tonawa ya ciro wuyan ya ɗora a nawa.

"Wuya na mai yanka ne," ya ce. "Haka nake ba mahaifinki."

Na ɗauki wuyan. A ƙarshensa ga wurin da wuƙata ta bi, a karkace. Ina kallonsa sai gabana ya faɗi. Na tuna wata magana da na taɓa ji wurin mahaifina yana koya wa yayana yanka: akwai wani ɗan zobe a maƙogwaro, dole wuƙa ta bi ta ƙasansa, zoben ya tafi tare da kai. In ya rage a jikin gangar, wai yankan bai yi ba. Maigidana bai faɗi wannan ba. Ni kuma ban duba ba, idona ma ina jin a rufe yake lokacin. Na juya wuyan, na sake juya shi. Ya dahu, fatar ta tattare, ba abin da zan iya ganewa.

Na matsa kusa da taubashiyata na yi ƙasa da murya. "Ina kan?"

"Wane kai?"

"Na zakaran. Ina so in duba wani abu."

"Kare ya ɗauke tun ɗazu. Me kuma ya faru?"

"Ba komai."

Ta harare ni, ta rage murya ita ma, wannan karon ba wasa a ciki. "Don girman Allah, kada ki yi masa haka."

Na dubi Kawu. Bai fara ci ba. Ya yanko lomarsa ya riƙe, miya tana ɗiga ta tsakanin yatsunsa, yana jirana. Bai ce ci ba, bai ce me ya faru ba. Wayata tana cikin jaka a ɗaki. Ko na kira, wa zai gaya mini inda zoben ya tafi? Wanda ya sani yana can bayan rumbu yana lasar baki. Na yi iyakar abin da na sani lokacin da wuƙa take hannuna, wannan dai na tabbata. Sauran kuwa ba ni da hanyar saninsa, yau ko gobe.

Na ce bisimilla, a fili wannan karon, na kai wuyan baki na gatsa. Yaji ya hau mini kai. Na tauna, na yanko tuwo na haɗa na tura, ya wuce. Na sake gatsa. Naman yana da tauri irin na zakaran gida, ba irin kajin ƙasar nan masu narkewa a baki ba, kuma yana da daɗi, wannan ma sai da ya dame ni.

Kawu ya sa lomarsa a baki. Ya ci a hankali, yana ci yana kallon hannuna. Da na tsotse ƙashin wuyan na ajiye, ya miƙo cokali ya ɗora mini cinya. Na ce na ƙoshi. Ya ce, "Ban tambaye ki ba." Na cinye ta. Ya tura mini kofin ruwansa, wanda ya riga ya sha, na karɓa na sha.

Sai ya juya wajen 'yarsa ya yi mata magana da yarensu, yaren mahaifiyata, wanda ban iya ba sai kalma ɗaya-ɗaya. Maganar tana da ɗan tsawo, muryarsa tana rawa a wani wurin. Na tambaye ta me ya ce.

Ta share ido da bayan hannu ta ce, "Wai in zuba miki sauran a kula ki kai wa angon naki. Wai shi ma ya ci yankan matarsa, tun da ya gudu."